Akwatin araha da bakunan Whiteside uku: abin da na gani a kan ƙaramin injin CNC

Duk wanda ya sayi ƙaramin injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, don sassaƙa katako a gida, abin da zai biyo baya shi ne sayen bakunan rauta, wato ƙarafan yanka da ake ɗaura wa motar da ke juya su (rauta), kuma ta nan kuɗi ke zurarewa mutum bai ankara ba. Ni malamin makaranta ne a Kano, aikin katako kuwa sha'awa ce ta Asabar da Lahadi a garejin gida. Injina mai bel ne, wurin aikinsa kamar santimita 60 a 90, an ɗaura masa rautar Makita RT0700C, manhajar GRBL ke tuƙa shi, zane kuma a manhajar VCarve nake yi. Abin da na fi sassaƙawa allunan suna na ƙofar gida, da Bismillah da Masha Allah na ratayewa a falo, da dagin Arewa a kan tire, sai jefi-jefi akwatin turaren amare.

Bakuna kashi biyu ne a hannuna. Kashi na farko wani akwati ne marar suna da na yi oda daga wata kasuwar intanet ta China, cike yake da bakuna shuɗaye da masu ruwan gwal, an jera su cikin soso gwanin sha'awa. Kashi na biyu guda uku ne kacal na kamfanin Whiteside da ke garin Claremont a jihar North Carolina ta Amurka, wanda ɗan ƙanwata da ke karatu can ya taho mini da su: RD2100, da RU2100, da bakin V mai lamba 1550. Kuɗin ukun nan ya ɗara na akwatin gaba ɗaya. Hukuncina shi ne biyu daga cikinsu sun ci kuɗinsu har da riba, na ukun kuwa da ban saye shi ba ma babu abin da zai ragu a aikina.

Kafin a zo ga kaifi, akwai maganar ƙota, wato sashen bakin da ke shiga cikin kolet, ɗan zoben da ke riƙe baki a jikin rauta. Bakunan Amurka da inci ake auna su, rubu'in inci kuwa milimita 6.35 ne. Da yawa daga na China da na Turai kuwa milimita 6 ne cif. A ido duk ɗaya suke, amma ratar milimita 0.35 ɗin nan ta isa ta ɓata aiki. Kolet ɗin Makita ba ya buɗewa ya tsuke da yawa irin kolet ɗin da ake kira ER, gwargwadon da aka yi shi nan yake riƙewa. In ka sa ƙota mai milimita 6 cikin kolet na rubu'in inci, za ka ji kamar noti ya ɗaure, amma da aiki ya yi zafi bakin zai fara zamewa ƙasa yana ƙara zurfi da kansa, har ya huda allon ya shiga shimfiɗar injin. Rautar kuma ya danganta da kasuwar da aka kawo ta, wata tana zuwa da kolet na 6 da 8, wata da na inci. Saboda haka a garejina kolet biyu ne, kowanne na shafa masa fenti daban, kuma wanda zai yi odar Whiteside ya haɗa da kolet na rubu'in inci a oda ɗaya, kada kaya su iso ya zauna yana kallonsu.

Bakin V shi ne inda bambancin ya fi fitowa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Yadda sassaƙar V ke aiki, manhaja tana duba faɗin layi a kowane wuri, sai ta nutsa bakin daidai zurfin da gefunansa biyu za su taɓa iyakar layin. Inda layi ya yi faɗi bakin ya nutse, inda ya sirance ya taso, a kusurwa kuma ya fito sama gaba ɗaya ya bar tsini. Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan abu biyu: kusurwar bakin ta zama daidai da abin da ka gaya wa manhaja, kuma tsininsa ya zama tsini na gaskiya. Na cikin akwatin araha an rubuta masa digiri 60, amma da na sassaƙa tauraro don gwaji sai na ga kusurwoyin sun yi ƙaho, layukan ba su haɗu wuri ɗaya ba. Da na duba shi da gilashin ƙara girma, ashe kansa a daƙushe yake, yana da ɗan fili a ƙarshe maimakon tsini. A babban harafin boko mai kauri ba kowa zai lura ba. Amma rubutun Larabci irin na sulusi, wanda alifinsa ke farawa da kauri ya ƙare kamar gashi, nan take yake tona asirin baki. Wutsiyar mim da jelar ra duk suka fito da kauri ɗaya, wasullan kuma suka cushe.

Akwai dabarar da ake yi wa irin wannan baki: ka riƙa canja lambar kusurwa a manhaja, 58, 59, 61, 62, kana gwadawa a guntun katako har kusurwoyi su daidaita, sannan ka rubuta lambar a jikin robarsa. Tana magance karkatar kusurwa, amma ba ta mayar da daƙusasshen kai tsini.

Whiteside 1550 digiri 60 ne, faɗinsa rabin inci, ƙotarsa rubu'in inci. Na rubuta 60 a VCarve, na sake tauraron nan, kusurwoyi suka fito tas ba tare da na taɓa komai ba. A dagin Arewa, inda igiyoyi ke hawa kan juna suna shiga ƙarƙashin juna, kowace mahaɗa ta fito a tsaftace, bangon ramin sumul har ba na bin sa da sanfefa, burushi kawai nake sawa. Akwai wani dattijon kafinta a layinmu da ya shekara da shekaru yana sassaƙa ƙofofi da kurfi, ba ya yabon aikin inji ko kaɗan. Da na kai masa allon Bismillah na madaci, ya daɗe yana bin harufan da farce, sannan ya ce, "Malam, wannan ƙarfen naka yana da tarbiyya." A bakinsa wannan babban yabo ne.

Zaɓi tsakanin digiri 60 da 90 lissafi ne mai sauƙi da ya kamata kowa ya riƙe. Da mai 90, zurfin rami rabin faɗin layi ne: layi mai milimita 10 zai nutse milimita 5. Da mai 60, layin nan zai nutse kusan milimita 8.7. Ke nan a allo mai kaurin milimita 12, harafin da faɗinsa ya kai milimita 14 zai sa mai digiri 60 ya ɓulla ta baya, sai dai in ka sa wa manhaja iyakar zurfi. Don haka ƙananan rubutu da Larabci na mai 60 ne, domin zurfin ke ba su inuwa su fito, manyan harufan allon shago kuwa na mai 90 ne. Mai 90 ɗin da nake amfani da shi na cikin akwatin ne, kuma yana yi, tunda a harafi mai girman tafin hannu ɗan daƙushin kai ba ya nunawa.

Sai bakunan yanka masu murɗaɗɗen kaifi. RU2100 shi ne wanda ake rubuta wa upcut, yana jan ɓarɓashi sama ya fitar da shi daga rami. RD2100 shi ne downcut, yana danna ɓarɓashi ƙasa. Dukansu kabayid ne zalla (wani ƙarfe mai tsananin tauri), faɗin rubu'in inci, kaifi biyu, tsawon wurin yanka inci ɗaya. Mai jan sama yana yanka da sanyi saboda rami ba ya cushewa, amma yana ɗaga zaren katako a fuskar sama ya bar geza, a filawud kuma yana ɓalle fatar sama. Mai danna ƙasa yana barin fuskar sama kamar an yanka da reza, yana kuma taimakawa wajen danne siririn allo kada ya ɗago.

A irin katakon da muke samu a kasuwar katako ta Na'ibawa, mai danna ƙasa ya fi yi mini amfani nesa ba kusa ba. Madaci zarensa a sarƙe yake, wani layi ya nufi gabas na kusa da shi ya nufi yamma, don haka duk ta inda ka biyo akwai wurin da kake yanka a saɓanin zare. Mai jan sama yakan fizge gefen rami a irin wuraren nan, RD2100 kuwa yana wucewa ya bar gefe lafiya. Obeche taushi gare shi, kuma katako mai taushi ya fi mai tauri buƙatar kaifi, domin baki in ya ɗan dakushe ba ya yanka zaren, kwantar da shi yake yi ya bar gashi-gashi. Mai danna ƙasa na cikin akwatin ya fara da kyau, amma bai jima ba ya soma barin wannan gashi, alhali na Whiteside da ya fi shi shan aiki har yanzu yana yanke obeche tas. Iroko kuma wani lokaci yana ɗauke da dunƙulen farin dutse a cikin jikinsa, wanda ke cinye kaifin kowane baki ko na wane kamfani ne, ƙurarsa ma tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi, sai da takunkumi.

Mai danna ƙasa yana da sharaɗinsa, kuma ba laifin ƙira ba ne, haka halittarsa take. Tunda ɓarɓashi ƙasa yake turawa, ba a huda rami da shi kai tsaye kamar dirila. A manhaja sai ka sa ya shiga a gangare. A siririn rami mai zurfi kuma garin katako yana cushewa a bayansa ya yi zafi, in MDF ne, wato allon da aka haɗa da garin katako da gam, har yana iya kama wuta a ɓoye ƙarƙashin gari. Ni dai ko kiran sallah aka yi, sai na tsayar da aiki, na ɗaga bakin, na kashe rauta kafin in fita. Ba na barin inji yana yanka babu kowa a gareji.

RU2100 kuwa baki ne mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa, sai dai aikin da nake ba mai jan sama aikin ƙarfi ne: kwashe cikin tire, rage tudu kafin a zo sassaƙar ƙarshe, yanke allo daga jikin falanki inda zan bi gefen da sanfefa ko ta yaya. A irin wannan aiki na milimita 6 ɗin cikin akwatin yana yin abin da ake so, in ya mutu kuma ba na jin ciwo. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne a bakin V, amma kwashe rami ba ado ba ne.

Da yawa daga bakunan da ake zagi cewa jabu ne, gudu ne ya kashe su. Lissafin shi ne kaurin abin da kowane kaifi ke ɗiba a juyi ɗaya: ka raba saurin tafiyar inji da juyin rauta a minti, ka sake rabawa da yawan kaifi. Makita tana da lamba 1 zuwa 6 a jikinta, daga juyi 10,000 zuwa 30,000 a minti, lamba 3 kuwa wajen 17,000 ce. Sabon shiga yakan murɗa ta zuwa 6 saboda yana ganin ƙarfi ke nan, sannan tsoron karya baki ya sa ya rage tafiya zuwa milimita 600 a minti. Da kaifi biyu, kowanne yana ɗibar milimita 0.01 ke nan. Wannan ba yanka ba ne, guga ce, kuma zafin da ya kamata ɓarɓashi ya tafi da shi sai ya zauna a jikin bakin. Katako ya ƙone, baki ya yi baƙi, a ce kamfani ya cuci mutane. Ni a madaci ina barin rauta a lamba 3, tafiya milimita 1,700 a minti, zurfi milimita 3 a kowane zagaye, abin da ke ba kowane kaifi milimita 0.05. Alamar da nake dubawa ita ce abin da ke fitowa: in ɓarɓashi ne da za ka iya tsinta da yatsa, lafiya, in gari ne mai laushi da ƙauri, a ƙara tafiya ko a rage juyi. MDF ne kawai ba ya bin wannan alama, shi kullum gari yake bayarwa.

Tunda an zo kan MDF, shi da ɗan'uwansa HDF ba na kusantar da bakunan Whiteside gare su. Gam ɗin da aka haɗa su da shi yana cin kaifi fiye da katakon gaske, kuma aikin da ake yi da su fenti ake shafewa a kai. Na araha ne abokan tafiyarsu. Haka ma tsohon katakon da aka ɓalle daga kujera ko ƙofa: kabayid tauri gare shi amma ba ya lanƙwasa, ƙusa ɗaya da ta ɓuya a ciki ta isa ta ɓantare kaifi.

Wurin da akwatin araha ya burge ni da gaske shi ne ƙananan bakuna masu ƙotar milimita 3.175, wato ɗaya bisa takwas na inci. Irin waɗannan ba tsufa ke kashe su ba, karyewa suke yi: kilam ɗin da ke danne allo ya shiga hanya, ko allo ya motsa, ko a ɗauke wuta rauta ta tsaya alhali inji na kan batir yana ci gaba da tafiya. Abin da ƙarshensa karyewa ne, gara a saye shi goma-goma. Mai kaifi ɗaya daga cikinsu yana yanka roba mai kama da gilashi ba tare da ta narke ta manne ba, abin da masu kaifi biyu suka kasa yi mini. Sai dai suna buƙatar nasu kolet ɗin, kuma gara kolet na gaske da ɗan bututun da ake cusawa cikin babba, domin bututun yana ƙara rawar baki, siririn baki kuwa ba ya jure rawa. Faffaɗan bakin share fuska mai milimita 22 shi ma yana aikinsa. In ka ga yana barin layi-layi kamar kunyoyin gona, rautar ce ba ta tsaya a miƙe ba, ka gyara ɗaurinta kafin ka zargi bakin. Launin shuɗi da ruwan gwal da ke jikin na akwatin kuwa bai daɗe ba ya goge daga kaifin, ban kuma ga yankan ya canja ba bayan ya goge.

Ga masu son sassaƙa mai tudu da kwari, irin fure ko ganye da ke tasowa daga allo, bakin da ake buƙata shi ne mai dunƙulallen kai wanda jikinsa ke sirancewa zuwa ƙasa. Sirancewar ce ke ba shi ƙarfi, ga kai ƙarami ga jiki mai kauri. Wajen oda a lura da harafin R: in an rubuta R1.0, rabin faɗi ake nufi, kan bakin milimita 2 ne. Na cikin akwatina sun yi aiki ba laifi, domin abin da suke ɗiba kaɗan ne bayan mai jan sama ya gama kwashe tudu. Abin da ya fi damuna a nan lokaci ne. Don kada layukan tafiya su nuna, ana matsawa kashi 10 cikin 100 na faɗin kai a kowane layi. Da kai mai milimita 1.5, matsin milimita 0.15 ne. Allo mai santimita 20 a 30 zai ci layi sama da 1,300, tafiyar mita 400 ke nan, a saurin milimita 1,500 a minti kuwa kusan awa huɗu da rabi ce, ba a ma lissafa hawa da sauka ba. Da kai mai milimita 3 lokacin ya ragu da rabi. A garin da ba ka da tabbacin wuta ta awa huɗu a jere, wannan lissafi ne ke zaɓar maka baki, ba kyan hoto a manhaja ba. Ni mai milimita 3 nake sawa a yawancin aiki, in bi wuraren da ke da ƙananan zane kawai da siririn.

Akwai kuma wanda ake kira compression, mai jan sama a ƙarshensa da danna ƙasa a samansa, don filawud ya fita da tsafta ta fuska biyu. Sharaɗinsa shi ne zagayen farko ya nutse ya wuce sashen jan saman, in ba haka ba ya zama mai jan sama kawai mai tsada. Injin bel irin nawa ba ya son nutso mai zurfi haka a tashi ɗaya, don haka ban ga dalilin sayensa ba. Mai danna ƙasa da shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin allo suna ba ni kusan abin da nake so.

Kulawa ba ta da wuya. Ƙaron katako da ke mannewa a kaifi yana sa baki ya yi kamar ya dakushe alhali datti ne. Ɗan kananzir da tsohon burushin haƙori suna fitar da shi. Bakin V ana iya wasa shi ta shimfiɗaɗɗiyar fuskarsa da katin wasa wuƙa mai lu'ulu'u, amma kada a taɓa gefen waje, nan kusurwar take. Masu murɗaɗɗen kaifi ba sa wasuwa a gida, in sun gaji sai a mayar da su aikin MDF. Kada kuma a zuba su cikin gwangwani ɗaya suna karo da juna, guntun katako da aka huda wa ramuka ya isa ma'aji.

Wanda injinsa ƙaramin nan ne da ake kira 3018, irin wanda da yawa ke fara koyo da shi, kada ya wahalar da ɗan'uwansa na ƙasar waje da saƙon RD2100. Kolet ɗinsa na ER11 zai iya riƙe ƙotar in an sayi mai girmanta, amma ƙaramar motar da sandunan injin ba za su iya tura baki mai rubu'in inci cikin madaci ba, sai rawa da kuka. Shi nasa bakuna masu milimita 3.175 ne, mai danna ƙasa da mai kaifi ɗaya, da ƙananan bakunan zane masu digiri 20 ko 30, zurfi kuma kada ya wuce milimita ɗaya a zagaye. Kuɗin da zai kashe a bakin Amurka ya tara su ya sayi kolet mai kyau da busasshen katako, domin falankin da aka sauke daga mota jiya da ɗanyensa zai yi gashi a ƙarƙashin kowane baki, in hunturu ya shigo kuma ya tsage da rubutun a jikinsa.